Attajirin birni da mai masaukin ƙauye: abin da finafinan Kirsimeti ke sayar mana

Wata ƙanwarmu ce ta faɗi maganar a gidan suna nan Kanada, cikin watan Disamba, talabijin na kunne ana nuna ɗaya daga cikin finafinan nan na Kirsimeti. Ta ce a dubi yadda Bature ke ajiye kamfani sukutum saboda mace, ya bi ta ƙauyensu ya zauna, Bahaushe kuwa ko rumfar kasuwa ba zai rufe yini ɗaya ba don matarsa. Matan wurin suka ce wallahi haka ne. Maganar ta yi mini zafi. Mazanmu suna da laifinsu, wannan ba a musu, amma ma'aunin da ta ɗauko ba na gaskiya ba ne. Ta ɗora mutane masu rai a kan sikeli ɗaya da hajar da aka ƙera don sayarwa, kuma wurin da ake ƙera ta bai kai tafiyar awa guda a mota ba daga inda muke zaune a ranar.

Ga wanda bai saba kallo ba, labarin guda ɗaya ne, suna da fuska kawai ake sauyawa. Wani ɗan kasuwa daga New York ko Chicago, kamfaninsu ya turo shi wani ƙaramin gari ana saura mako guda Kirsimeti. Aikinsa ya sayi wani tsohon masauki, a rushe, a gina katafaren otal. Mai masaukin mace ce 'yar shekara talatin da 'yan kai, wani sa'in bazawara mai 'ya ɗaya, ta gaji gidan daga kakarta, bashin banki kuma ya kusa cinye shi. Haɗuwarsu ta farko rigima ce: ko ya kwara mata kofi a riga, ko ya kushe garin a gabanta bai san ita ce mai gidan da zai kwana ba. Daga nan dusar ƙanƙara ta toshe hanya, ko motarsa ta lalace, makaniki ya ce kayan gyara sai bayan kwana huɗu. Zama ya zama dole.

Sai mutanen gari su shigo, kowa da tasa. Akwai tsohuwar da ta ƙudurta sai ta haɗa su aure, tana ƙirƙiro musu aike tare. Akwai magajin gari wanda shi ne kuma makanikin, shi ne alƙalin gasar gashin biskit. Akwai mai gidan burodi da ta san abin da kowa zai ci kafin ya buɗe baki, da wani dattijo mai farin gemu da ke bayyana ya faɗi magana ɗaya mai nauyi ya ɓace, da yarinya ƙarama mai bakin manya. Su ne ke sassauta wa baƙon zuciya. Ya cire kwat da takalmin ofis, ya sa rigar sanyi mai ja da kore, ya hau tsani yana rataya fitilu.

Har mintocin a ƙayyade suke. Fim ɗin yakan kai minti 84 ko kusa da haka, domin ya cika awa biyu idan an zuba tallace-tallace, kuma ana yanka shi kashi tara, kowane kashi ya tsaya a inda mai kallo ba zai canza tasha ba. Kafin minti goma sun haɗu. Wajen tsakiya za su kusa sumbatar juna, waya ta yi ƙara ko yarinyar ta faɗo ɗakin. Ana saura kamar kwata ɗin awa, matar ta ga takardun cinikin a jakarsa, ta gane abin da ya kawo shi, ta ce ya tattara ya bar mata gida. Ya kama hanyar filin jirgi, ya juyo. A mintoci biyun ƙarshe ya ce ya ajiye aiki, masauki ya tsira, sumba ɗaya a ƙarƙashin fitilu, sunaye su hau.

Tashar Hallmark ta Amurka ce ta fi shahara da wannan, reshen kamfanin nan na katin gaisuwa da ke Kansas City. Tun 2009 take jera finafinan a kakar Kirsimeti, tana farawa tun cikin Oktoba, kuma a wasu shekarun baya-bayan nan sababbi wajen 40 ta fitar a kaka ɗaya. Kowane ɗaya yakan ci kimanin dala miliyan biyu, ana ɗaukarsa cikin kwana 15. Rubutun labarin shafi ɗari ne da 'yan kai, ke nan shafi bakwai a yini, gudun da ba ya barin darakta ya tsaya neman wata sabuwar dabara. Wanda zai fitar da arba'in a shekara ba ya da lokacin ƙirƙira, tsari ɗaya yake maimaitawa.

Garin da ake nuna muku a matsayin wani lungu na Amurka kuwa, sau da yawa a Kanada yake, musamman a lardin British Columbia, sai Ontario da Manitoba. Dalilin kuɗi ne. Dalar Kanada ba ta kai ta Amurka ba, sannan gwamnatin British Columbia tana mayar wa kamfanin fim wani kaso na albashin da ya biya ma'aikatan lardin: kashi 28 cikin ɗari ne a da, aka ɗaga zuwa 36 daga farkon 2025, da ƙarin kashi 6 idan an fita wajen kewayen Vancouver. Wannan ƙarin yana cikin abin da ke tura motocin 'yan fim zuwa ƙananan garuruwan kwarin kogin Fraser, irin su Maple Ridge da Abbotsford da Fort Langley.

Fort Langley ɗin nan ya kamata in ɗan tsaya a kansa, don duk mai kallon finafinan ya taɓa ganinsa ko da bai sani ba. Kimanin kilomita 50 ne gabas da Vancouver, a bakin kogi. Babban titinsa guda ne, Glover Road, da dogayen bishiyoyi a gefe, da shagunan katako masu rumfa, masu sayar da tsofaffin kaya da alawa da littattafai da kofi. A tsakiya akwai zauren taron gari mai fenti ruwan ɗorawa da fararen ginshiƙai, ginin farkon shekarun 1930, da filin ciyawa a gabansa. A wannan filin ake kafa rumfunan bikin Kirsimetin da kuke gani a fim, a canza allon sunan garin, gobe a sake canzawa don wani fim ɗin. Layin dogo ya ratsa ta ƙarshen titin, jirgin kaya yana wucewa da ƙara, dole mai ɗaukar sauti ya ɗaga hannu kowa ya dakata. Yankin kuma ba yankin dusar ƙanƙara ba ne sosai. Disambarsa ruwan sama ne da hazo, rana ta faɗi da ƙarfe huɗu da 'yan mintoci.

Mafi yawan ɗaukar ma ba a lokacin sanyi ake yi ba. Fim ɗin da za a nuna a Nuwamba, a tsakiyar zafi ko ƙarshensa ake ɗaukarsa. Ana shimfiɗa wani farin bargo mai kama da auduga a kan ciyawa da rufin shaguna, a fesa niƙaƙƙiyar takarda a kan shinge da tagogi, a zuba niƙaƙƙiyar ƙanƙara ta gaske a wurin da jarumai za su taka don a ga sawu, injin kumfa kuma yana sako wadda ke zuba daga sama. Ƙanƙarar tana narkewa kafin a gama fitowa ɗaya, sai mota ta ƙaro. Ganyen bishiya kore shar ne, don haka ko a sunkuyar da kyamara kada ya fito, ko a gyara launinsa a kwamfuta. Jaruma tana cikin kwat da mayafin wuya da safar hannu tana zufa, da an ce a tsaya sai a cire mata, a kunna fanka, mai kwalliya ta goge mata goshi. Mutanen garin da kuke gani suna ta gaisawa da fara'a 'yan cika wuri ne da aka ɗauka da kuɗin awa, an ce su motsa baki kada su yi sauti, kofunan hannunsu kuma galibi babu komai a ciki. Mazauna garin na gaskiya an raba musu takardar sanarwa tun kafin ranar, suna cikin motocinsu a bayan mai tuta suna jiran a buɗe hanya.

Yanzu a zo kan masaukin kansa, don a nan ne labarin ya fi nisa da gaskiya. A ɗauki misali da gida mai ɗaki takwas. Ɗaki takwas sau kwana 365 ya ba da kwanan ɗaki 2,920. Ƙaramin masauki a garin da baƙi ke zuwa da kaka, idan ya cika rabin wannan ya yi ƙoƙari, ke nan 1,460. A ce kowane dare dala 180, kuɗin shiga ya kama dala 262,800. Baƙo kuwa kusan 209 zai biya, don a British Columbia akwai harajin tarayya kashi 5, na lardi kashi 8, da na yawon buɗe ido da kan kai 3, kuma ko sisi daga ciki ba na mai gida ba ne. Shafukan intanet da ake kama ɗaki ta cikinsu suna cire la'adar da ta kai kashi 15. Idan kashi biyu cikin uku na baƙi ta nan suka zo, dala 26,000 ta tafi. Karin kumallon mutum biyu a kowane ɗaki, a ce dala takwas-takwas, 23,000. Ma'aikata biyu masu awa 30 a mako, a kan albashin da bai wuce mafi ƙanƙanta da komai ba, wanda ya kai dala 17.85 a awa a 2025, wajen 56,000. Idan akwai bashin dala miliyan ɗaya a kan gidan da kuɗin ruwa kashi 6, wannan 60,000 ne a shekara kafin a taɓa uwar kuɗin. Abin da ya rage bai wuce dala 100,000 ba, kuma ba a biya wuta da gas na ɗumama gida ba, ba a biya inshora da harajin gida ba, ba a gyara rufi ko tukunyar ruwan zafi ba, ita kanta mai gidan ba ta ɗauki ladan aikinta ba.

A fim, bikin dare ɗaya ne ke ceto gidan. To, ɗaki takwas a cike dare ɗaya dala 1,440 ne. Ko mako guda cur suka yi a cike, 10,080 ne, da ƙyar ya biya kuɗin ruwan wata biyu. Shi kuma wanda aka aiko ba shi da ikon soke ciniki. In ya ajiye aiki, ranar Litinin kamfani zai turo wani. A Amurka, inda aka ce labarin yana faruwa, inshorar lafiyar yawancin ma'aikata a jikin aikinsu take, don haka wanda ya ajiye aiki ana gobe Kirsimeti ya ajiye har da ita.

Ga kuma yinin matar da aka nuna tana da sukunin yawo a kasuwar biki da baƙo. Ƙarfe biyar da rabi ta tashi ta kunna tanda. Karin kumallo daga bakwai da rabi zuwa tara da rabi, da lura da wanda ba ya cin alkama da wanda gyaɗa ke iya kai shi asibiti. Baƙi su fita da sha ɗaya, sababbi su shigo da uku. Awa huɗu ke nan, kuma ɗaki ɗaya yana cin minti 40 idan za a cire zanin gado, a wanke banɗaki, a share, a goge, a sake jera tawul da sabulu. Ɗaki takwas ya wuce awa biyar, shi ya sa mutum ɗaya ba ya iyawa. Kowane gado yana buƙatar zani kashi uku, ɗaya a kai, ɗaya a wanki, ɗaya a kabad, in ba haka ba ranar da injin busarwa ya tsaya sai a rufe ɗaki. A wuraren da ake sanyi na gaske, ruwan da ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya fasa bututun da ke jikin bangon waje, ba a kuma ganin ɓarnar sai ya narke ya zubo ta silin. Shi ya sa ake barin famfo yana ɗiga cikin dare. Kafin gari ya waye sai an kwashe dusa daga matakala an watsa gishiri, don baƙo ɗaya ya zame ya karye, maganar kotu ce. Kuɗin cizo ya shigo a jakar wani, a rufe ɗakin a kira masu injin zafi su ɗaga shi ya haura digiri 50. Mutum ɗaya ya rubuta ƙorafi a intanet, a ji a jika har wata shida. Mai irin wannan gida tana kiyaye iyaka tsakaninta da baƙo fiye da kowa, domin sunanta shi ne jarinta.

To me ya sa miliyoyin mutane ke kallo, shekara bayan shekara, alhali sun san ƙarshen tun daga farko? Ba su fi mu wauta ba. Abin da suka rasa ne ake sayar musu. Ƙidayar Kanada ta 2021 ta nuna gidajen da mutum ɗaya ke zaune shi kaɗai sun kai kashi 29 cikin ɗari, mutum miliyan 4.4, kuma su ne nau'in gida mafi yawa a ƙasar. Birtaniya ta naɗa ministar kula da matsalar kaɗaici a 2018. Babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da gargaɗi a kan kaɗaici a 2023, ya lissafa shi cikin abubuwan da ke taɓa lafiyar jama'a. A unguwannin nan, mutum yana tahowa daga aiki zai danna maɓalli daga cikin mota, ƙofar gareji ta ɗaga, ya shige, ta sauka, ya shiga ɗakin girki ta ƙofar ciki ba tare da ya taka titi ba. Ba a zuwa gidan mutum sai an yi waya an sa rana. Tsoho ya gaza, a kai shi gidan kula da tsofaffi, 'ya'ya su leƙo ranar Lahadi in sun samu dama. Mutum ya mutu, taron tunawa da shi kan ɗauki makonni kafin a sa masa lokaci. Ba na cewa ba su da kirki. Maƙwabci zai kwashe maka dusa daga ƙofar gida bai jira godiya ba, suna aikin sa kai, suna tara abinci wa mabuƙata da tsari mai kyau. Amma garin da kowa ya san kakarka, inda tsohuwa ke da bakin tsoma baki a aurenka, inda baƙo ke samun tebur a shirye, wannan a talabijin yawancinsu ke ganinsa. Su ƙishirwa ce ta sa suke sayen ruwan leda, mu kuwa rijiya tana tsakar gidanmu.

Duk abin da ke burge mai kallo a fim ɗin, ku duba ku gani in ba mu da shi. Baƙo ya sauka a garinmu bai san kowa ba, ya yi sallar magariba, kafin isha'i an san inda zai kwana, akushi ya fito daga gida biyu ko uku, ba wanda ya rubuta masa takardar biya. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar goro zuwa Gwanja a kan wannan amana: mai masauki ya sauke ka, ya adana kayanka, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka in an ba da bashi. Zangunan Kumasi da unguwar Sabo ta Ibadan a kan haka suka kafu. Mutanen gari masu abin dariya kuwa, wa zai nuna mana? Majalisar mai shayi kaɗai ta ishi fim goma, ga wanzami, ga dillaliya, ga kaka mai kiran jikanta miji.

Rikicin labarin ma gaba ɗaya ba zai yi kwana biyu a wurinmu ba. Mutum ya yi kwana shida a gari yana neman 'yar mutane, babu wanda ya san me ya kawo shi, babu wanda ya tambayi ɗan gidan wa ne. Mu kafin ya zo zance na uku an ce ya turo magabatansa, kawunta ya riga ya aika unguwarsu an tambayi sana'arsa da sallarsa da yadda ya rabu da ta farko. Yaran yanzu suna kiran wannan takura. Ni ina ganin gata ne, don matar fim ɗin ba ta da kowa da zai bincika mata, sai da ta buɗe jakarsa da hannunta. Ta fuskar kunya kuma, finafinan ba su yi nisa da namu ba: babu tsiraici, babu ashar, sumba ɗaya ce a ƙarshe, namu kuma da Hukumar Tace Finafinai ta Kano ke dubawa tun 2001 ko hannu ba a riƙewa.

Akwai wuri ɗaya da dole in sara musu. A labarinsu matar tana nan a garinta, da sana'arta, da sunan kakarta a jikin allo, namijin ne ke tahowa. Kasancewarta bazawara ba abin magana ba ne a wurin kowa. A wurinmu, mace mai shekara 35 ba aure ta buɗe gidan saukar baƙi a ƙaramin gari, kowa ya san sunan da za a kira gidan da shi kafin wata ya ƙare, ko da a kan sallaya take kwana. Wannan zalunci ne, kuma namu ne. Haka finafinanmu: attajiri ya je ƙauye, ya ga yarinya a bakin rafi, ya ɗauko ta zuwa birni, a shafe rabin fim ana dariyar yadda take tsoron firji da matakala. Kullum tafiyar daga ƙauye zuwa birni ce, baƙauye kuma abin dariya. Su suna ƙawata ƙauyen da suka rasa, mu muna tozarta wanda yake hannunmu, sannan mu yi mamakin yaron da ya gama sakandare ya ce ba zai ƙara damina ɗaya a gida ba.

Amma ko wannan ban yarda ya kai a ce Bahaushe bai iya so ba. Mutumin da ke tura baro a Legas ko yake gadi a Fatakwal, yana kwana a barandar shago don ya aika kuɗin buhun masara da na maganin yara, shi ma ya bar wani abu saboda mace. Ba a kunna masa fitilu ba ne kawai, kuma ba ya da damar ajiye aiki ya dawo ya zauna kusa da ita. In ya rufe rumfar yini ɗaya, a gidan za a fara ji.

Abin da ya fi damuna, idan na yi wa kaina adalci, ya wuce maganar maza da mata. Rijiyar da nake alfahari da ita tana ƙafewa. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna, attajiri ɗan asalin gari ba ya iya kwana a gidan ubansa. Yakan zo da hantsi, ya gaisa, ya bar gari kafin la'asar, bai gaya wa kowa ranar zuwansa ba saboda tsoron masu kai wa 'yan bindiga labari. Baƙon da a da ake rige-rigen saukarwa, yanzu sai an kai shi gaban mai unguwa an yi masa tambayoyi, kuma ba za a ga laifin mutanen ba, sun ga abin da suka gani. Labarin ɗan kasuwar da mota ta lalace masa a ƙauye ya kwana huɗu, a can yau labarin kuɗin fansa ne.

Inda babu wannan fitina kuma, mu da kanmu muke rufe ƙofar. Dubi gidajen da ake ginawa a sababbin unguwannin Kano da Katsina da Maraɗi, har da waɗanda mu na waje muke aika kuɗinsu: katanga mai tsawo da waya a kai, ƙaton get na ƙarfe, ɗakin mai gadi, wurin mota biyu, falon baƙi a can ciki bayan ƙofa uku. Zaure ya fita daga zanen. Da zaure ya fita, makarantar allon da ke zama a cikinsa ta fita, cin tuwon dare tare da maƙwabta ya fita, wurin da saurayi zai tsaya a gan shi a san shi ya fita, matafiyin da dare ya yi masa kuma sai tasha ko barandar masallaci. Muna gina irin unguwar da na kwatanta muku a sama, mai ƙofar gareji, kuma 'ya'yanmu za su girma a cikinta.

Ga duk ɗan uwa da ke aika kuɗin gini daga nan ko daga wani wuri, a gaya wa mai zane tun kafin a haƙa tushe ya bar ɗaki ɗaya a bakin titi. Mita huɗu sau huɗu ya isa, ƙofa ɗaya tana kallon waje, ɗaya tana shiga gida mai sakata ta ciki, taga sama don iska, dakali a jikin bango, ƙaramin banɗaki a gefe da famfon alwala don baƙo kada ya ratsa wurin mata. A ɗaga daɓensa ya fi titi da bulo biyu saboda ruwan damina, don zauren da ke shan ruwa shi ne ake fara mayarwa ɗakin ajiyar tarkace. Bangon ɗaki irin wannan mai tsayin mita uku bai wuce bulo 450 ba. Wanda ya iya biyan kuɗin get ɗin ƙarfe mai zamewa, wannan bai fi ƙarfinsa ba.